Wasiƙar da Muka Karanta Rabinta: Labarina da Kalmomin Juya Zance na Turanci

An haife ni a Kaduna, a wata unguwa da ke maƙwabtaka da masaƙun Kakuri, a zamanin da jiniyar canjin ma'aikata ce take gaya wa matan gida lokacin ɗora tukunya da lokacin sauke ta. Mahaifina yana aiki a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa ganin faratansa babu shuɗi ko ja a ƙarƙashinsu ba. Ya yi karatun allo mai zurfi, amma na boko bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, saboda haka duk takardar da aka ba shi a wurin aiki sai ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya shiga neman wanda zai karanta masa. Wannan neman mai karatu shi ne abin da ya fi ci masa rai, shi ne kuma dalilin da ya sa ya dage a kan mu yi boko, ko da za a yi wata ba a ga tsoka a miya ba.

Tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, sannan a koma Turanci daga baya. A makarantarmu abin da ake yi shi ne, malami ya rubuta Turanci a allo, ya juyo ya yi bayani da Hausa, mu kuma mu kwafe Turancin a littafi mu riƙe Hausar a ka, kowanne yana zaman kansa. Da na shiga sakandare sai na zama gwanin lissafi da kimiyya, domin a can lamba ce take magana, Turancin da ke kewaye da ita kaɗan ne. Darasin Turanci kuwa hadda muka mayar da shi. Ina iya tuna ranar da malaminmu ya jera kalmomi a allo daga sama har ƙasa: “but”, “however”, “although”, “yet”, “nevertheless”, “whereas”, “despite”, “on the other hand”, “on the contrary”, ya ja dogon layi a gefensu, ya ce duk ma'anarsu ɗaya ce, wato “amma”, mu riƙa canza su a insha'i don kada mai makin ya gaji da ganin kalma guda. Ba na ganin laifinsa. Ajin cike yake maƙil, wasu a kan taga suke zama, kuma ina kyautata zaton shi ma haka aka koya masa. Mun ma haddace cewa idan aka ja layi a ƙarƙashin ɓangaren jimlar da ya fara da “although” aka tambayi sunansa a nahawu, amsar ita ce “adverbial clause of concession”, wato ɓangaren jimla mai nuna rangwame, kuma mukan ci makin wannan tambaya ba tare da ɗayanmu ya san abin da ake rangwantawa ko wanda ake yi wa rangwamen ba.

Sakamakon jarrabawar WAEC ya fito da kiredit a lissafi da sauran darussan kimiyya, Turanci kuwa D7. Wanda bai ratsa wannan hanya ba ba zai san zafin wannan harafi da lamba ba. Kiredit daga A1 yake farawa ya tsaya a C6. D7 taki ɗaya ne kawai a ƙasa, amma a lokacin jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da makarantar koyon jinya duk kiredit biyar suke nema, kuma dole a samu Turanci da lissafi a ciki. Na gwada NECO, wadda ta fara shirya irin wannan jarrabawa a shekarar 2000, na sake gwada WAEC, sakamakon yana lilo tsakanin D7 da E8. Abokan da nake koya wa lissafi a ƙarƙashin bishiyar makaranta suka wuce jami'a, suna dawowa hutu da jaka a kafaɗa, ni kuwa ina canza layi idan na hango su. Abin da ya fi damuna shi ne ban san inda ciwon yake ba. Na san kalmomi da yawa, na kan karanta labarin jarrabawa in ji kamar na fahimta, in amsa tambayoyi da ƙwarin gwiwa, sannan sakamako ya zo ya ƙaryata ni.

A cikin waɗannan shekaru ne masaƙun Kakuri suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta yi shiru, unguwarmu ta cika da magidanta masu zaman benci da hantsi. Mahaifina yana cikin waɗanda aka ce su koma gida su jira kuɗin sallama. Ya jira har hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu bai ga ko sisi ba. Bayan Inna ta fita takaba sai aka taimaka mata ta rubuta takardar neman haƙƙinsa, kuma bayan wani lokaci amsa ta zo a cikin ambulan mai ruwan ƙasa, da tambarin kamfani a sama.

Mu uku muka zauna a kanta da daddare a tsakar gida, ni da yayana da ɗan kawunmu, dukanmu mun gama sakandare. Sakin layi na farko ya yi ta'aziyya, ya yaba wa mahaifinmu da riƙon amana, ya ambaci shekarun da ya yi yana aiki, sannan ya ce an lissafa haƙƙinsa, ga adadin a rubuce da lambobi da kuma kalmomi. Idanunmu suka maƙale a kan lambobin nan. Sakin layi na biyu gajere ne, ya fara da “However”, kuma a cikinsa akwai wasu kalmomin ofis da muka ɗauka bayani ne a kan lokacin biya da takardun da za a cike. Mun ga kalmar, mun kuma fassara ta “amma” kamar yadda aka koya mana, sai dai a tunaninmu ƙaramin amma ne, irin wanda ake liƙawa a ƙarshen albishir, tun da dogon sakin layi mai ɗauke da kuɗi shi ne a gaba. Inna ta tambaya, “To, me suka ce?” Yayana ya ce, “Inna, sun amince, kuɗin Baba za su fito.” Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta yi wa mamacin addu'a, ta tashi ta shiga ɗaki don kada mu ga hawayenta.

A kan wannan karatu namu Inna ta tsayar da ranar auren ƙanwata, ta ɗauki gado da katifa da kwanuka bashi, ta karɓi kwasar adashi tun kafin layinta ya zo, mai hatsin unguwa kuma ya riƙa auna mana ba tare da ya tambayi kuɗi ba, domin labari ya riga ya zaga. Da shiru ya yi yawa sai ta kai wasiƙar wurin wani tsohon jami'in ƙungiyar ƙwadago wanda suka yi aiki tare da mahaifinmu, ni kuma na raka ta. Ya sa tabarau, ya karanta sau ɗaya, sannan ya ɗora tafin hannunsa ya rufe sakin layi na farko gaba ɗaya, ya nuna na biyu da ɗan yatsa, ya ce, “Hajiya, wasiƙar daga nan ta fara.” Abin da ke ciki shi ne kamfanin ba shi da halin biyan kowa, kuma babu ranar da aka tsayar. Inna ta sayar da keken ɗinkinta da awakinta, aka mayar da gadon wurin kafinta, aka yi auren a kan katifa da tabarma. Ba ta zage mu ba, ba ta ma ɗaga murya ba. A kan hanyarmu ta dawowa ne kawai ta ce, kamar mai magana da kanta, “Ashe bokon naku bai kai nan ba.” Na yi shekaru ina jin wannan magana a kunnena duk lokacin da aka miƙo mini takarda.

Zaman Kaduna ya gagare ni. Na tattara na koma Kano wurin ƙanin mahaifiyata, ya tsaya mini na samu babur ina acaɓa, ina kai balas da yamma, ina aika wa Inna abin da ya rage. Na cire karatu daga raina gaba ɗaya, har na kai ga idan fasinja ya fara yi mini Turanci sai in ƙara wuta don iska ta kwashe maganar. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni, dubban matasa muka wayi gari babu sana'a. Wasu suka koma A Daidaita Sahu, wasu suka bar gari. Ni da yake na taɓa koyon kwamfuta sama-sama, sai wani maƙwabcin kawuna ya ɗauke ni a shagonsa na buga takardu da ke kusa da wata kotu, inda aikin yini yake takardun rantsuwa, da yarjejeniyar sayen fili, da takardun koke.

A bakin shagon akwai wani dattijo da ke zama a kan kujerar roba, tsohon tafintan kotu ne da ya yi ritaya, mutane suna kawo masa matsalarsu da Hausa yana tsara musu ita da Turanci a kan takarda, mu kuma mu buga. Baba muke ce masa. Wata rana ya ba ni rubutunsa, a ciki akwai jimlar da ta fara da “Although”, na ga har ta ƙare babu “but” a tsakiya, sai na ɗauka mantuwa ce irin ta tsufa, na saka masa. Da ya karɓi takardar ya duba, sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, “Kai yaro, wa ya aike ka?” Na ce ai gyara na yi. Ya ce in faɗi jimlar da Hausa. Na ce, “Ko da yake na biya kuɗin, amma bai ba ni filin ba.” Ya ce, “Madalla, Hausarka ta yi daidai. Bahaushe yana ɗaure zancen ta kai biyu, ya sa ‘ko da yake’ a gaba ya sa ‘amma’ a tsakiya, kuma babu wanda zai ce ya yi kuskure. Bature ɗaya yake ɗauka. In ya ce ‘although’ ya gama, in kuma ‘but’ yake so sai ya bar ‘although’.” Wannan ne karo na farko da wani ya ɗora mini Hausa da Turanci gefe da gefe ya nuna mini inda suka yi tafiya tare da inda suka rabu, kuma nan take na gane cewa duk insha'in da na taɓa rubutawa a jarrabawa yana ɗauke da wannan haɗi, sau da yawa ma fiye da ɗaya a shafi.

Daga ranar na riƙa saya masa goro da shayi, shi kuma yana ba ni lokacin da kotu take zama, sa'ad da bakin shago yake yin shiru. Bai fara da jerin kalmomi ba. Ya rubuta mini jimloli biyu a bayan wata lalatacciyar takarda: “The land is cheap, but it is far”, da kuma “The land is far, but it is cheap”. Ya ce wanne ne mai son saye, wanne ne mai neman hanyar zamewa? Na duba, na ga kalmomin iri ɗaya ne, filin ɗaya ne, arhar ɗaya ce, nisan ɗaya ne, amma na farko ya fasa, na biyu kuwa hannunsa yana aljihu. Ya ce to ka riƙe wannan: abin da ya biyo bayan “but” ko “however” ko “yet” shi ne matsayar mai magana, abin da ya gabata share fage ne, komai tsawonsa da daɗinsa. Da ya ji na taɓa yin acaɓa sai ya ce in ɗauki kalmomin nan kamar siginar motar da ke gabana: mai hankali da ya ga ta kunna sai ya rage gudu, don ya san za a karya kwana, wanda kuma ya zuba ido a kan fentin motar shi ne ake kwasa a kwalta. A ranar ban iya cin abincin rana ba. Na ba shi labarin wasiƙar, ya yi shiru, sannan ya ce ya ga irin wannan a kotu fiye da yadda zai iya ƙirgawa, mutum ya ji alƙali yana jero hujjojin da suka goyi bayansa har ya fara murmushi, bai san ana tafiya ne zuwa ga “however” ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, kuma na fi daɗewa a kansa, shi ne cewa “although” tana aiki ne ta ɗaya gefen. Ita tana rage wa abin da ke manne da ita nauyi ne, ta tura nauyin zuwa ɗaya ɓangaren jimlar. Idan aka ce “Although he was ill, he went to work”, an amince da rashin lafiyar, an ba ta haƙƙinta, amma labarin shi ne ya tafi aiki. Wannan amincewa ita ce rangwamen da muka yi ta haddace sunansa a sakandare. Saboda haka wasiƙar da ta fara da “although” ta jero laifuffukanka tana iya ƙarewa da alheri, wadda kuma ta fara da yabo ta ajiye “however” a gaba tana iya ƙarewa da hani. “Though” da “even though” 'yan ɗaki ɗaya ne da ita, ta ƙarshen ta fi ƙarfi kawai. “Despite” da “in spite of” ma'anarsu ke nan su ma, bambancin yana ga abin da suke ja a baya: “although” cikakken zance take so, mai ɗauke da mai aiki da aikatau, su kuwa suna suke so, kamar “despite his illness” ko “despite being ill”. Baba yakan ce duk wanda ya rubuta “despite of” ya auri rabin wata ya haɗa da rabin wata, domin “of” ta “in spite of” ce kaɗai.

Sai maganar alamomin rubutu, wadda a da nake ɗauka ado ce. “But” tana iya haɗa zance biyu da waƙafi kawai a gabanta. “However” ba ta da wannan ƙarfi; dole a rufe zancen farko da aya, ko a sa waƙafi mai ruwa, sannan ta zo da nata waƙafin a baya, kamar “He was ill; however, he went to work”. A takardar insha'i ta WAEC, wadda ake so ta kai kalmomi 450, maki 50 ne ake rabawa: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar nahawu da alamomi, kuma wannan goma ta ƙarshe da kaɗan-kaɗan ake zaftare ta a kan kowane kuskure har ta ƙare. Ni da nake watsa “however” a tsakiyar jimla da waƙafi ɗaya, ina kuma haɗa “although” da “but”, ina ƙone makina ne da kalmomin da nake zaton su ne za su burge mai makin.

Sauran mun bi su a hankali, yawanci daga takardun da ke zuwa shagon. “Nevertheless” da “nonetheless” su ne “duk da haka”, ana kawo su ne inda abin da aka faɗa ya isa ya hana wani abu faruwa amma bai hana ba. “Whereas” da “while” suna jera abubuwa biyu ne a nuna bambancinsu, kamar “alhali kuwa” ko “shi kuwa”, ba lalle ne ɗaya ya rinjayi ɗaya ba. Amma “whereas” ɗin da nake bugawa da manyan haruffa a farkon yarjejeniyar fili ba ta da alaƙa da saɓani ko kaɗan. A harshen lauyoyi tana nufin “ganin cewa”, tana shimfiɗa dalilan da suka kawo yarjejeniyar ne. Haka ma “however” idan ta zo a gaban siffa ko bayanau, kamar “however hard you try”, ta koma “komai ƙoƙarinka”. Waɗanda suka fi ba ni wahala su ne “on the other hand” da “on the contrary”, domin a allon makarantarmu maƙwabtan juna ne. Ta farko awo take yi, ta ɗora wani gefen maganar a kan sikeli ba tare da ta ƙaryata na farko ba. Ta biyu kuwa musu take yi, kuma galibi bayan an kore wani abu take zuwa: “He is not lazy. On the contrary, he works day and night.” Baba ya ce wannan ita ce “ina, sai ma dai” ta Hausa, kuma wanda ya sa ta a inda ake awo ya tayar da faɗa a wurin da ake shawara.

Shawarar komawa jarrabawa ba ta zo mini da sauƙi ba. Na riga na yi aure, kuɗin rajista kuɗin buhun masara ne da cefanen makonni, kuma ina jin kunyar zama a aji ɗaya da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba. Matata ce ta ce in na fasa saboda kuɗi za ta sayar da 'yan kunnenta, in kuma saboda kunya ne to wannan ba ta da maganinsa. Na yi rajistar jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, wadda muke kira GCE, ban gaya wa Inna ba. A ɗakin jarrabawa, da na buɗe sashen taƙaitawa, kafin in karanta labarin sai na bi shi da fensir ina zagaye duk kalmar juya zance da na gani. Nan na ga abin da ya yi ta kayar da ni a baya: marubutan irin waɗannan labarai sukan fara kawo ra'ayin da jama'a suka saba da shi, su ba shi sarari, sannan su juya da “however” ko “yet” su faɗi nasu. Ni kuwa a da jimlolin farko na kowane sakin layi nake kwashewa, wato ina miƙa wa mai makin ainihin ra'ayin da marubucin ya zo rushewa, kuma a matsayin nasa. A insha'i na zaɓi na muhawara, na kawo hujjar abokin hamayya da “although”, na mayar masa da martani a ɗaya ɓangaren, kuma ban yi amfani da kalmar da ban san dalilin zuwanta ba.

Sakamako ya fito da C5. Ba wani abin a buga ganga ba ne, amma na tsaya a shagon intanet ina duban allon har mai shagon ya ce lokacina ya ƙare. Na buga shi a takarda na kai wa Baba kafin kowa. Ya duba ya ce, “To, alhamdulillahi. Yanzu sai ka je ka koya wa wasu, kada ka tsaya nan kana ɓata mini takardu.” Allah bai nufa ya ga na gama kwalejin horon malamai ba, ya rasu ina shekara ta biyu. Inna kuwa da na kai mata labari ta yi murna, ta sa albarka, amma ba ta taɓa komawa kan tsohuwar maganar ba, ni ma ban tayar ba. Kuɗin mahaifinmu har yau ba su fito ba.

Yanzu ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare, ranakun Asabar da Lahadi kuma ina da ajin manya a wani zaure, yawancinsu matan aure da 'yan A Daidaita Sahu da masu shaguna waɗanda D7 ta tsare kamar yadda ta tsare ni. Ba na rubuta jerin kalmomin nan a allo. Da Hausa muke farawa, in sa su kawo zance mai “amma”, da mai “sai dai”, da mai “ko da yake”, da mai “duk da haka”, da mai “alhali”, su gaya mini da bakinsu wane gefe ne mai maganar ya tsaya, kuma ban taɓa samun wanda ya kasa ba, har waɗanda ba su gama firamare da kyau ba. Sai bayan nan muke ƙetarawa. Matsalar da na fi fama da ita yanzu ta saɓa wa tawa ta da: ɗalibi ya ji cewa kalmomin nan suna kawo maki, sai ya riƙa dasa “however” a farkon kowane sakin layi ko da babu abin da ya saɓa wa wani. A ganina wannan ya fi rashin sanin kalmar muni, domin ya yi wa mai karatu alkawarin kwana sannan ya miƙe, kuma mai makin da ya san aikinsa yana ganewa tun daga layi na biyu. Ina sa su goge kalmar su karanta jimlolin biyu haka nan. Idan babu saɓani a tsakaninsu ba tare da ita ba, to ba ta da wurin zama.

Kwanan baya wata baiwar Allah a ajin, mai sayar da atamfofi, ta ce, “Malam, ni abin da ban gane ba, me ya sa ba za su fito fili su ce a'a ba, sai sun gama yi wa mutum daɗin baki?” Na ce, “Hajiya, idan aka zo neman auren 'yarki kuma ba ki so, me kike cewa?” Ta yi dariya ta ce, “Sai in ce yaron kirki ne, mun san gidansu, mun san iyayensa, sai dai an riga an yi mata miji.” Ajin ya kwashe da dariya, domin babu wanda bai taɓa jin irin wannan ba, wasu ma a kansu aka yi. Ta ce ashe su ma kunya suke ji. Na ce akwai kunya, akwai kuma kare kai, domin wasiƙar ofis takan amince da abin da ba za ta iya musantawa ba a sakin layi na farko, sannan ta janye daga alkawari a na biyu, yadda ko gaban alƙali aka je ba za a ce ta yi ƙarya ba. Daga nan na ba su aikin gida, kowa ya binciko wata takardar Turanci da ke ajiye a gidansa, ta makaranta ko ta asibiti ko ta banki ko ta mai gidan haya, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar juya zancen da ke ciki ya kawo. Takardun da suka zo sun fi ƙarfin zama ɗaya, sai muka jera su bi da bi. Ranar Asabar mai zuwa za mu fara da ta wani matashi da ke shirin karɓar A Daidaita Sahu a kan biya kaɗan-kaɗan, yarjejeniyar tana da “notwithstanding” a sakin layi na uku, kuma na riga na gaya masa kada ya sa hannu, kada kuma ya ba kowa ko sisi, sai mun zauna a kanta.